Amya Ta Bakwai

Alƙalami ba ya zama a hannun mai kiwon zuma.
Shekara talatin da ɗaya ina gwadawa.
Shafukan littafina sun manne da danƙo,
inda na rubuta "sarauniya" kaki ya cinye rabin kalmar,
ragowar kuma ruwan Afrilu ya wanke.

Jikana Ožbej ne ya zo hutu daga Ljubljana,
ya karɓi wayata, ya lallatsa,
ya ce, "Kaka, kin ga jan ɗigon nan?
Ki taɓa, ki yi magana, ki sake taɓawa. Shi ke nan."
Na ce, da wane yatsa? Duk goman sun sha zuma.
Ya ce, da hanci.

To, da hancin nake taɓawa.
Ciril maƙwabcina ya leƙo ta kan shinge,
ya gan ni ina sumbatar waya a bayan rumfar amya,
ya juya gida bai ce uffan ba.

"Talata, bayan ƙarfe huɗu. Hadari a kan dutsen Stol.
Amya ta ɗaya, saƙa shida, duk an toshe bakinsu.
Ta biyu lafiya. Ta uku tana son ƙarin ɗaki.
Wash! Wannan ta same ni a wuyan hannu.
Ta huɗu... ina na ajiye wuƙar nan ne?"
Duk ta kwashe,
har da tarina, har da ashar ɗin da ya suɓuce.
Littafi bai taɓa tona min asiri haka ba.

Da dare, bayan na sha miyar sha'ir,
na jingina wayar da kwalbar gishiri
don in kwafe lissafin a takarda.
Sai muryar wata tsohuwa ta fito, tana haki.
Na jima kafin in yarda tawa ce.
Ashe haka nake nishi in na ɗaga saƙa.
Ashe ina rera musu waƙa ban sani ba.

Aka zo kan ta bakwai.
Tsohuwar ta ce, "Ta bakwai lafiya lau," ta wuce,
hankalinta na can wurin hadari.
Amma a ƙarƙashin maganarta akwai wata maganar.
Na mayar baya. Na ƙara sauti. Na sake mayarwa.
Ta shida gunji take ƙasa-ƙasa, irin na cikin da ya ƙoshi.
Ta bakwai kuwa kuka ne,
siriri, yana hawa yana sauka,
kukan gidan da uwa ta fita ba ta dawo ba.
Ina 'yar shekara tara mahaifina ya manna kunnena da katako,
ya ce in riƙe wannan sautin, kada in bari ya ɓace min.
Ga shi da rana tsaka na tsaya a gabansa
bakina ya rufe min kunne.

Barci rabi da rabi na yi.
Da asuba, raɓa har gwiwa, na buɗe ta bakwai.
Babu ƙwai ko ɗaya. Babu sarauniya.
Ma'aikata na ta zagaye kamar masu neman mabuɗi a duhu.
Na zaro saƙa mai sabon ƙwai daga ta uku na saka musu,
su raini wata uwar da kansu.

Tun ranar, in na dangwala hanci a jan ɗigon,
lamba kawai nake faɗa, in ja bakina,
in ƙirga numfashi goma.

Da kaka ta kama, an gama yankan zuma, Ožbej ya dawo.
Ya duba wayar ya ce ta cika maƙil.
"Naɗi ɗari biyu da sha huɗu, Kaka,
yawancinsu ba kya cewa komai. In goge?"
Ina tsaye ina tace zumar ƙarshe, hannuwana duk sun jiƙe.
Na ce, ajiye min wayata.
Ka nemo ta sha tara ga Yuni, amya ta bakwai,
ka sa a kunne, ka zauna.